Kitso da Kwarkwata: Tsatsar Ƙofar Mota da Farashin Gyaran da Ido Ba Ya Gani

A ƙarshen kowace damina, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, wani abu yakan bayyana a gindin ƙofofin tsofaffin motoci a Kano da Kaduna da Zariya da sauran biranen Arewa. Da farko wasu ƙananan ƙuraje ne a ƙarƙashin fenti, jere a layin ƙasa na ƙofa. Bayan 'yan makonni sai su kumbura, fentin ya tsage, wani jan ruwa ya riƙa tsiyaya yana ɓata gefen mota. Abin takaicin shi ne sau da yawa ƙofar ba ta cika shekara da fitowa daga gareji ba. Da rani aka kai ta, aka biya kuɗi, aka karɓo ta tana ƙyalli kamar sabuwa. Damina ɗaya ta tona asirin aikin.

Mai mota zai ce mai gyara ya cuce shi. Mai gyara kuma zai ce iya kuɗinka iya shagalinka. Kowannensu yana da rabonsa na gaskiya, amma matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Gyaran tsatsa aiki ne da ingancinsa ke ɓoye a ƙarƙashin fenti, kuma ranar karɓar mota aikin kirki da aikin ha'inci kama ɗaya suke yi. Muddin ƙyallin ranar karɓa ake biya, ƙyallin za a ci gaba da sayarwa. Gyara zai inganta ne kawai idan aka sauya abin da ake ciniki a kansa.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

A da, ma'aikaci mai matsakaicin albashi kan hau mota shekara huɗu ko biyar, ya sayar, ya cika kuɗi ya sauya wata. Wannan lissafin ya rushe. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Tun da kusan duk motar da ke kan titin Najeriya daga waje aka shigo da ita, farashin mota ya bi dala sawu da ƙafa. Malamin jami'a ko likita ko ma'aikacin banki da ke tunanin rabuwa da tsohuwar Corolla ko Accord ɗinsa ya wayi gari ya gane cewa zamansu tare zai yi nisa.

Motar da za a riƙe shekara goma nan gaba, jikinta ya zama jari. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka, amma idan bodi ya ruɓe mota ta ƙare. Ƙofa kuwa tana cikin wuraren da ruɓewar ke fara nuna kanta.

Daga ciki take ci

Yawancin masu mota suna ɗaukar tsatsa a matsayin ciwon fata, abin da ke farawa a waje ya shiga ciki. A ƙofa akasin haka ne ya fi yawa. Ƙofar mota faifan ƙarfe biyu ce, na waje da na ciki, da rami a tsakaninsu inda gilashi ke sauka. Faifan waje siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A gefuna ana lanƙwasa bakinsa a kan na ciki a matse, kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga. Wannan kalmasar ta gindin ƙofa ita ce mahaifar tsatsa.

Robar da ke bakin gilashi ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya, kuma masu ƙera mota sun san da haka. Shi ya sa suka huda ƙananan ramuka a ƙasan kowace ƙofa domin ruwan da ya shiga ya fita. A ƙasar da ƙurar hunturu ke sauka wata uku ko huɗu a jere, ƙurar tana bin gilashi ta taru a gindin ƙofa. Ruwan farko na damina, ko ruwan wankin mota na kowace safiya, sai ya mai da ita laka, lakar ta toshe ramukan, ƙofa ta zama tulu. Zafin rana kuma ya riga ya busar da robar gilashi ya tsattsaga ta, ruwan da ke shiga ya ƙaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da iska da danshi. Idan ta kama, tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye har ninki da dama, don haka take turo fenti waje. Ke nan ƙurjin da aka gani a waje alama ce cewa ta daɗe tana aiki a ciki, wani lokaci ma ta riga ta huda faifan. Wanda ya goge ƙurjin ya shafa fenti bai taɓa ciwon ba.

Gadon gishiri

Iskar Arewa busasshiya ce mafi yawan shekara, kuma motar da ta yi dukan rayuwarta a Sakkwato ko Katsina takan daɗe jikinta bai lalace ba. Amma motoci kaɗan ne suka fara rayuwa a nan. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Sunayen da ake kiran waɗannan motoci a kasuwa, 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, suna nuna hanyar da suka biyo ne, ba sa faɗin inda suka tsufa.

Inda suka tsufa kuwa shi ne abin tambaya. A jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Ohio da New York, da lardunan Ontario da Quebec na Kanada, da ƙasashen arewacin Turai, ana watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara. Ruwan gishiri yana hanzarta tsatsa matuƙa, kuma yana shiga cikin kalmasar ƙofa ya zauna. Motar da ta sha wannan shekara goma takan iso da gishirinta a maƙale. Rani yakan sa tsatsar ta lafa, damina ta tashe ta. Akwai kuma motocin da ambaliya ta nutsar, kamar dubban ɗaruruwan da guguwar Harvey ta shafa a Texas a 2017, waɗanda kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu da araha. A gida ma, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumbar 2024 ta bar motoci masu yawa da laka a cikin ƙofofinsu.

Gaskiya ne motocin zamani sun fi na da juriya. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka yawaita amfani da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, ana kuma tsoma bodi gaba ɗaya a cikin ruwan fenti mai aiki da lantarki domin ya ratsa kowane lungu. Wannan rigar kariya ta masana'anta ita ce ke riƙe ƙofa shekaru da yawa. Ita ce kuma abin da gyaran gaggawa ke fara ƙonewa.

Gyara uku, kuɗi uku

Wanda ya kai ruɓaɓɓiyar ƙofa wurin mai gyaran bodi, hanya uku ce a gabansa, ko da ba a faɗa masa ba.

Ta farko ita ce rufa-rufa. A goge wurin da samfefa, a bubbuga bakin ramin ya shiga ciki, a cika da fila, a goge ya yi sumul, a fesa fenti. Idan ramin ya yi girma akan toshe bayansa da raga ko guntun kwano, har da kwali. Yini ɗaya ko biyu ya isa. Fila a kanta ba abin zargi ba ce, domin an yi ta ne don daidaita ƙananan lotsawa a kan tsabtataccen ƙarfe, a shafa ta siririya, milimita biyu ko uku. Illarta ita ce tana shan danshi. Idan aka ɗora ta a kan rami, bayanta yana fuskantar cikin ƙofa inda ruwa ke kwana, sai ta zama soso manne da ƙarfe. Ga shi kuma ƙarfe da fila ba sa buɗewa daidai da juna a zafin rana, don haka mai kauri takan tsage. Wannan shi ne kitso da kwarkwata.

Ta biyu ita ce gyaran ƙarfe da ƙarfe. A cire rufin cikin ƙofa, a kankare fenti har a wuce iyakar tsatsar, a yanke duk inda ya ruɓe sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon faifai mai kauri ɗaya da na asali, a lanƙwasa shi ya dace, a yi walda. A nan ma akwai bambanci. Waldar gas da aka fi samu a garejin bakin titi tana zafafa wuri mai faɗi, ta karkatar da siririn faifai, ta ƙone kariyar masana'anta da ke bayansa. Waldar lantarki mai zaren waya, wadda ake kira MIG, idan aka yi ta ɗigo-ɗigo ana barin ƙarfe ya huce, ɓarnarta ta fi ƙanƙanta. Bayan walda sai a goge, a shafa fentin farko mai hana tsatsa a waje da ciki, a rufe kalmasa da abin liƙi, a fesa man kaki a cikin ramin ƙofa, a buɗe ramukan fitar ruwa, a sauya robar gilashi idan ta mutu. Sai a ƙarshe fenti ya biyo baya. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne kare bayan waldar, domin babu mai leƙa wurin. Ƙarfen da wuta ta taɓa aka bar shi tsirara yana saurin tsatsa fiye da wanda aka cire.

Ta uku ita ce sauya ƙofar da wata ta hannu, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Idan tsatsa ta kai ga faifan ciki, ko ga mazaunin hinji da makulli, wannan ce hanyar hankali. Sai dai ita ma ƙofar daga wata ƙasa ta zo da nata tarihin, don haka kafin a biya ya kamata a juya ta a duba gindinta, a danna kalmasar da yatsa, a tabbatar wayoyin gilashi da na makulli sun dace da motar.

Abin da ya kamata mai lissafi ya lura da shi shi ne inda kuɗin ke tafiya. A Amurka da Turai ladan ma'aikaci na kowace awa shi ne mafi tsada, shi ya sa a can sauya ƙofa kan fi gyaranta araha. A nan lamarin a juye yake: fenti da tina da fila da fentin farko duk farashinsu na bin dala, ladan hannu kuwa shi ne mai sauƙi. Fenti kuma dole a saye shi ko rufa-rufa aka yi ko gyaran gaskiya. Bambancin da ke tsakanin ayyukan biyu galibi kwanakin aikin ƙarfe ne da 'yan kayan kariya. Wanda ya zaɓi rufa-rufa ya rage kuɗi a ɓangaren da ya fi araha, ya kuma ɗaure kansa da sake sayen ɓangaren da ya fi tsada. A ɗauka, a matsayin misali kawai, gyaran gaskiya ya ninka na rufa-rufa sau uku. Idan na rufa-rufa damina ɗaya ko biyu yake ɗauka, cikin 'yan shekaru an biya kuɗin babban gyara an wuce, ramin kuma kullum ƙara faɗi yake yi, har a kai ga sayen ƙofar da aka guje wa tun farko. Araha ba ta ado.

Laifin wa?

Abu ne mai sauƙi a ɗora komai a kan mai gyara, amma adalci bai yarda ba. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba, kuma sannu a hankali mai kyau zai bar kasuwa. Haka yake faruwa a gareji. Ogan da ya faɗi farashin kwana biyar na yanka da walda, maƙwabcinsa kuma ya faɗi na yini biyu da gwangwanin fila, duka biyun suna alkawarin mota za ta fito fes, an san wanda zai samu aikin. Gwanin da ya ga haka sau goma zai koyi darasi. Yaran da ke koyo a hannunsa kuma za su tashi da ƙwarewar shafa fila fiye da ta lanƙwasa ƙarfe.

Ga kuma yanayin aikin. Walda mai kyau tana son wutar lantarki tsayayya, fenti mai kyau yana son ɗaki marar ƙura. Mutumin da ke aiki a ƙarƙashin bishiya da janareta, a farashin man fetur na bayan cire tallafi, ba za a nemi ya yi aikin masana'anta da kuɗin rufa-rufa ba. Masu mota ma suna da nasu kason: a kawo mota ranar Litinin a ce ana son ta kafin ɗaurin auren Asabar, a yi ta ciniki har sai an kankare duk abin da zai sa aikin ya daɗe.

Akwai kuma hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Wani lokaci rufa-rufa zaɓi ne na hankali. Direban haya da motarsa ta kusa ƙarewa, wanda abincin gidansa ya dogara ga fitarta gobe, ba shi da dalilin zuba kuɗin da ya kusa rabin darajar motar a ƙofa ɗaya. Idan ya san abin da ya saya, babu wanda aka zalunta.

Amma wannan uzuri yana da iyaka biyu. Ta farko ita ce sayarwa. Sau da yawa rufa-rufar da ake yi ba don a ci gaba da hawa ba ne, don a kai mota kasuwa ne tana ƙyalli. A nan an fita daga tsimi an shiga algus, kuma fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya daɗe da yanke hukunci cewa ɓoye aibin haja haramun ne, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa idan ya gano. Ta biyu ita ce rai. A cikin ƙofar mota akwai wani ƙarfe da aka gitta domin ya tare bugun gefe, abin da dokar Amurka ta fara tilasta ƙarfinsa tun 1973. Wannan ƙarfe da hinji da makulli duk a jikin faifan ciki suke. Idan mazauninsu ya ruɓe, ƙofar da ta kamata ta tsaya tsakanin fasinja da motar da ta kauce hanya ta zama ado. A Birtaniya gwajin lafiyar mota na shekara-shekara yana kayar da motar da tsatsa ta ci ƙarfenta kusa da wuraren da ke ɗauke da nauyi. Inda binciken lafiyar mota bai cika kaiwa ga leƙa gindin ƙofa ba, nauyin yana kan mai mota da mai gyara.

A sauya abin da ake ciniki a kansa

Tun da matsalar ɓoyuwar inganci ce, maganinta shi ne a fito da shi fili, kuma wannan ba ya jiran wata sabuwar doka.

Ciniki ya kasance a kan matakan aiki. Kafin a faɗi farashi, a cire rufin cikin ƙofa a haska fitila, mai mota da mai gyara su ga girman ɓarnar tare. A raba kuɗin ƙarfe da kuɗin fenti, kowanne da lissafinsa. A yi sharaɗi cewa ba za a shafa komai ba sai mai mota ya ga ƙarfen tsirara bayan walda, ciki da waje, ko da ta hoto ne a WhatsApp. Wannan ziyara ta minti goma ta fi duk wani rantse-rantse amfani. A kuma raba biya kashi-kashi, tare da alkawarin cewa idan ƙuraje suka dawo kafin ƙarshen damina mai zuwa, gyara na kan gareji. Gwanin da ya san aikinsa ba zai ji tsoron wannan sharaɗi ba, zai dai nemi a biya shi daidai wahalarsa, kuma ya cancanta. Ƙungiyoyin masu gyaran mota, waɗanda ke da shugabanni a kusan kowane babban gareji, za su iya mai da irin wannan alkawari al'adar sana'a, su zama masu sasanci idan an saɓa.

Mai sayen motar hannu kuma yana da makami mai araha: ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. A bi gindin kowace ƙofa da shi. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki akwai fila mai kauri, sai dai idan ƙofar ta alminiyam ce, wadda ba ya kama ta ko'ina. A buɗe ƙofa a sunkuya a duba kalmasar ƙasa, domin can ne mai fesa fenti ya fi mantawa. Lambar jikin mota kuma takan nuna tarihinta ga motocin Amurka da Kanada, har da jihar da ta zauna da ko an taɓa rubuta ta cikin waɗanda ruwa ya ci.

Mafi araha duka shi ne abin da ba ya buƙatar gareji. Sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma tsakiyar damina, a zura tsinke a ramukan gindin ƙofa a tabbatar a buɗe suke. Idan aka ji ruwa na motsi a cikin ƙofa lokacin rufe ta, an riga an makara da kwanaki. Robar gilashin da ta tsage a sauya ta, ƙaramin ƙwarzane kuma a rufe shi kafin ruwa ya sauka.

Masu gyaran bodi na wannan ƙasa sun riƙe Peugeot 504 a kan titi shekaru da dama bayan ƙasashen da suka ƙirƙiro ta sun manta da ita. Hannun da ya yi wannan bai rasa gwaninta ba. Abin da ya rasa shi ne mai biyan kuɗin aikin da ba a gani. Yanzu da tsohuwar mota ta zama dukiyar da ba a iya maye gurbinta cikin sauƙi, mai ita ne ya fi kowa buƙatar ya zama wannan mutumin, ya je gareji ranar walda maimakon ya jira ranar fenti.